Birkin gaba ya ƙi tauri bayan an yi wa babur haɗe-haɗe

Wani matashi daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram ya aiko da tambaya. Babur mai inji 150 gare shi, ya cire ƙafar gaba ta asali, ya ɗaura shoka da faifan birki da kalifa (ƙarfen da ke matse faifan in an taɓa birki) mai fistan huɗu waɗanda aka ciro daga wani babban babur na gwanjo. Ya sa wa babur ɗin kai mai tsawo irin na ƴan gayu, dole ta sa ya ƙara tsawon tiyon birki. Famfon hannun kuwa, wanda ke tura man birki zuwa kalifa, na ƙaramin babur ne, sabo ya saye shi a kasuwa. An yi ta cire iska har man birki gwangwani biyu ya ƙare, amma hannun birkin laushi tuɓus, sai ya kusa taɓa robar kai kafin ya kama. Yana so ya san ko famfon ne jabu, ya je ya sayo wani.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna, kuma don Allah ka jingine babur ɗin har a gama gyara. Birkin gaba shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayar da babur a kan kwalta. Na san da yawa daga cikin ƴan kabu-kabu sun saba barin na gaba sako-sako saboda yashi, suna dogara da na ƙafa. A lungunan Birni hakan yana iya wucewa, amma ranar da akuya ta yanko maka a kan hanyar Tanut kana gudun 80, na ƙafa kaɗai jan taya zai yi.

Man birki ba ya matsuwa. In ka danna shi a sama, ƙarfin nan yana isa ƙasa nan take. To in hannu yana tafiya birki bai kama ba, akwai abin da ke cinye tafiyar a hanya: ko iska ce ke matsewa, ko tiyo ke kumbura, ko ƙarfe ke lanƙwasa, ko kuma famfon ya yi wa kalifar ƙanƙanta. A babur da ya fito daga kamfani, yawanci iska ce, shi ya sa kowane bakanike da ita yake farawa. Naka kuwa kai ka haɗa shi, kuma haɗin naka ya taɓa duka wuraren nan huɗu. Wanda ya ƙarar da gwangwani biyu bai ga canji ba, na uku ma haka zai tafi. Abin yi shi ne a raba layin gida-gida a gano inda laushin yake zaune.

Fara da hannunka, babur yana tsaye. Matsa birkin da sauri sau biyar ko shida a jere. In ya yi ta ƙara tauri, sannan ka sake shi na rabin minti ya koma laushinsa, to ko dai iska ce, ko fistan ɗin kalifa suna ja da baya fiye da ƙima. In kuwa matsawar farko da ta shida duk ɗaya ne, tafiyar doguwa ce amma kullum wuri guda take tsayawa, ka fara zargin girman famfo ko marikin kalifa. Bayan nan ka matsa da matsakaicin ƙarfi ka riƙe na minti ɗaya. Hannu da ke nutsewa sannu a hankali har ya kai ƙarshe yana nufin man yana tserewa. Duba duk mahaɗa da farar takarda ko busasshen tsumma. In babu jiƙa ko'ina, robar cikin famfo ce ke barin man yana bi ta bayanta yana komawa tukunyar man da ke saman famfo, kuma a nan ne kaɗai zarginka na jabu zai tabbata.

Gwajin da ya fi kowanne raba gardama shi ne toshe layi. Kwance tiyo daga bakin famfo, ka ɗaura noti marar huda mai zare iri ɗaya, gajere, da washa ta jan ƙarfe. Lura da zaren: galibin kayan Japan da na Sin da aka kwaikwaya daga gare su M10 ne mai tazarar 1.25, kayan kamfanin Brembo kuwa M10 mai tazarar 1.0, kuma jikin famfo alminiyam ne, in ka tilasta masa notin da ba nasa ba ka kashe shi. Cika tukunya, matsa hannu, ɗan sassauta notin iska ta fita, ka ɗaure kafin ka saki. Yi haka sau uku ko huɗu. Lafiyayyen famfo zai ɗan motsa kaɗan ya tsaya cak. In ya tsaya, ka wanke shi daga laifi. Sai ka mayar da tiyo, ka kwance shi daga kalifa, ka toshe zoben ƙarshensa da noti da na mace da washa biyu, ka cire iska ta nan, ka sake matsawa. Laushi ya dawo? Tiyo ne ko iskar da ke cikinsa. Ya yi tauri? To matsalar tana kalifa da abin da ke riƙe da ita. Wasu suna gajarta hanya su matse tiyo da filaya. Ban yarda da wannan ba, yana raunata zaren da ke cikin robar, a tiyo mai rigar ƙarfe kuwa lalata shi yake yi gaba ɗaya.

Yanzu batun kan nan mai tsawo. Iska sama take nema. A tsarin kamfani, famfo yana zaune ne ta yadda ɗan ramin da ke ƙasan tukunya ya zama shi ne ƙololuwar layin, kowane kumfa ya hau ya fita ta nan da kansa. Da ka canza kai, kusurwar ta canza. Sau da yawa bakin famfon, inda notin tiyo yake, ya ɗaga sama ya fi ramin tukunyar tsayi. Sai kumfa ya zauna a cikin notin nan, ko a bakin silindar, ya rasa hanyar hawa. Kana turo mai daga sama yana wucewa ta ƙarƙashinsa, kana ganin mai garau yana fita a ƙasa, kana cewa ai babu iska. Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Juya kai hagu har ƙarshe, ka ɗan karkata babur, ko ka sassauta maɗaurin famfon ka juya shi har bakinsa ya kalli ƙasa, tukunya ta zama a sama. Buɗe murfi, ka riƙa ɗan taɓa hannun birkin kaɗan-kaɗan, santimita ɗaya kawai, kana sakinsa ya koma da kansa, kana ƙwanƙwasa jikin famfo da tiyo da ƙotar sukudireba. Ka sa ido cikin tukunyar, za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa. Kada ka matsa da ƙarfi murfi a buɗe, man yana tsartuwa har ido. Daga nan sai ka rufe tanki da tsumma, ka matsa hannu ka riƙe, ka sassauta notin tiyo na sama kaɗan har mai ya ziraro, ka ɗaure, sannan ka saki.

Bi tiyon da ido tun daga sama har ƙasa. Da aka ƙara tsawo, an samu rara? Masu haɗa babur suna son naɗe rarar a bayan fitila, ta yi gantsaro sama sannan ta sauko. Wannan gantsaron ɗakin iska ne. Tiyo ya riƙa gangara tun daga famfo har kalifa ba tare da ya sake hawa ba ko sau ɗaya. In an haɗa tiyo biyu da mahaɗi a tsakiya, ko an sa makunnin jar wuta irin wanda ke zaune cikin noti yana aiki da matsin mai, nan ma iska tana maƙalewa.

Sai kalifa. Tsuguna ka duba ɗan nonon da ake fitar da iska ta cikinsa: yana can saman kalifar, ko yana gefe, ko ma ƙasa? Manyan babura suna da faifai biyu, kalifar dama da ta hagu, kuma a gwanjo babu mai tambaya wacce ce wacce. In aka ɗaura ta hagu a dama, nonon yana komawa ƙasa. Ko da ɓangaren daidai ne, marikin da mai walda ya yanka maka zai iya karkatar da ita. In nonon ba shi ne mafi tsayi ba, akwai iska a samansa wadda ba za ta taɓa fita ba ko da za a kwana ana famfo. Kwance kalifar daga shoka, tiyo na jikinta, ka cusa ƙarfe ko katako mai kaurin faifai tsakanin falaket, wato takalman birkin da ke goga faifai, don kada fistan su fito, ka riƙe ta nono na kallon sama, ka cire iska a haka. Kalifa mai fistan huɗu tana da ɓari biyu, da ƴar siririyar hanya da ke kai mai ɓarin can. Juya ta a hannu, ka ƙwanƙwasa, ka sake buɗe nono. In nono biyu gare ta, kowanne a yi masa.

Ka kuma kalli yadda yaron gareji ke cire iskar. Ƙa'idar ita ce a matsa, a riƙe, a buɗe nono kwata ɗaya na juyi da sifana lamba 8, a rufe, sannan a saki hannu. In aka saki kafin a rufe, iska ta koma. In aka buɗe nono da yawa, iska tana shiga ta zarensa ta fito cikin tiyon gwaji, sai a yi ta ganin kumfa marar ƙarewa alhali ba daga cikin layin yake ba. In kuma aka shagala da hira tukunya ta ƙafe, an koma farko.

Ni dai a layi mai tsawo irin naka daga ƙasa nake turo mai. Nemi babban sirinji a famasi, mai cin mililita 50 ko 60, sabo, da guntun tiyon ƙarin ruwa mai haske. Zuƙe man da ke tukunya ya rage kaɗan. Cika sirinji da sabon mai, ka ɗaga shi ka fitar da iskarsa har mai ya cika tiyon, ka sa a bakin nono, ka buɗe, ka tura a hankali. Man yana hawa, iska na hawa gabansa, ita ma can take son zuwa. Wani ya tsaya a sama yana kallon tukunya kada ta tumbatsa. In ka tura man ya ƙi hawa, kada ka tilasta: ɗan ramin nan na ƙasan tukunya ne a toshe, ko fistan ɗin famfo bai koma mazauninsa ba, kuma zan zo kan wannan. Sirinjin nan daga ranar ya zama na birki, kada ya taɓa baƙin mai.

Akwai dabarar ɗaure hannun birki da robar tib a bar shi ya kwana. Tana taimakawa wajen ƙananan kumfa, da safe ka kwance a hankali ka ɗan taɓa hannun su fita. Amma in ya yi tauri da safe ya koma laushi da la'asar, ba a gyara komai ba.

To a ce duk wannan an yi, babu iska, famfo lafiya, amma tafiyar hannu har yanzu doguwa. Nan ne na fi zarginka, domin ka ce famfon na ƙaramin babur ne, kalifar ta babba. Duba jikin famfon, ta ƙasa ko ta gefen maɗauri, akwai lamba da aka zuba tare da ƙarfen: 11, ko 1/2, ko 14, ko 5/8. Faɗin fistan ɗinsa ke nan. 11 da 14 milimita ne, 1/2 inci ne wato milimita 12.7, 5/8 kuwa kusan milimita 15.9. Ƙananan babura galibi 11 ne ko 12.7, an yi su ne don kalifa mai fistan ɗaya ko biyu ƙanana. Kowace matsawa tana turo mai gwargwadon faɗin fistan ɗin famfo, shi kuma man nan sai ya raba kansa ga fistan huɗu manya. Kamar mai cika tulu da ludayi ne, zai cika, amma sai ya yi ta kai-komo.

Lissafin ba shi da wuya. Auna faɗin fistan ɗin kalifa, ka ninka shi da kansa, ka tara na duka huɗun, ka raba da faɗin na famfo shi ma an ninka shi da kansa. A ce naka milimita 32 ne kowanne. 32 sau 32 ya ba da 1024, sau huɗu 4096. Famfo 11: 11 sau 11 shi ne 121. In ka raba, kusan 34 ne. Da famfo 12.7 lissafin yana sauka zuwa kusan 25, da famfo 14 kuwa kusan 21. Abin da masu haɗa babura suka saba bi shi ne a faɗa tsakanin 23 da 27 ko kusa da haka. In ya haura 30, hannu yana yin nisa da laushi, ko da yake in ya kama yana kamawa da ƙarfi ƙwarai, har ya iya kulle tayar gaba da yatsa biyu. In ya sauka ƙasa da 20, hannu yana sandarewa, ka ji tauri mai daɗi a tsaye, amma a hanya sai ka matsa da dukan ƙarfinka birki bai ci ba. Wannan tarkon ne mutane ke faɗawa: su ji laushi su je su sayo mafi girma a shago, 5/8, wanda aka yi don faifai biyu. A misalinmu 12.7 ne ya dace. Wasu kalifofin fistan biyu manya ne biyu ƙanana, sai ka auna kowanne. In kuma kalifar mai zamiya ce, fistan a ɓari ɗaya kawai, ka ninka jimlar sau biyu kafin ka raba.

Marikin kalifa shi ne abu na gaba, kuma ido ke gano shi. Sa wani ya riƙa matsa birki da ƙarfi yana saki, kai kana tsugune da tocila. In lafiya ne, kalifa ba ta motsi, faifai ba ya karkata gefe. In ka ga kalifar tana ɗan murɗawa, ko faifan yana lanƙwasa zuwa ɓari ɗaya kafin ɗaya falaket ɗin ya same shi, ga inda tafiyar hannunka ke tafiya. Masu waldarmu sun iya aiki, amma yawanci da abin da ke ƙasa suke yi, guntun falanki mai kaurin milimita 4 ko 5, a huda da ido, a cike gibi da washa uku-uku. Mariki yana son ƙarfe mai kauri, milimita 8 ko 10, yanki guda ba haɗin walda ba in da hali, fuskarsa a miƙe, ramukansa a kan awo. Faifai ya ratsa daidai tsakiyar kalifa, falaket biyu su kwanta a kansa da dukan fuskarsu. Ciro falaket ka duba: in gefe ɗaya ya fi cinyewa, ko sama ta goge ƙasa ba ta taɓa ba, kalifar a karkace take. Notin da ke riƙe da ita kuma ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, ba na ɗaure gado ba.

Kalifar gwanjo tana zuwa da nata ciwon. Ta yi shekaru a ajiye, ta sha ƙurar hunturu a kasuwa. A cikinta babu sifirin da ke mayar da fistan baya, robar da ke zagaye da shi ce ke ɗan lanƙwasa in ya fito, ta ja shi baya kaɗan in an saki. In datti ya kama fistan, maimakon ya zame cikin robar ya matso kusa da faifai, sai robar ta yi ta miƙewa tana mayar da shi inda ya fito. Kullum akwai gibi, kullum matsawar farko a banza take tafiya. Cire falaket, ka matsa hannu a hankali kana kallo: huɗun duka suna fitowa? Yawanci ɗaya ko biyu ne ke aiki, sauran suna barci. Riƙe masu motsin da katako, ka tilasta wa masu barcin su fito kaɗan, ka goge su da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, ka busar, ka shafa man birki, ka mayar, ka maimaita har su riƙa tafiya tare. Fistan da ya yi tsatsa ya rarake, canji yake so. Kada fetur ko kananzir ko giris na boris su kusanci robobin nan. An yi su ne da robar da ke jure man birki, man fetur da danginsa kuwa kumbura ta suke yi.

Wannan ya kawo mu ga man da ka zuba. Karanta murfin tukunya, za ka ga DOT 3 ko DOT 4, wato ajin man birkin. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 sai 230, DOT 5.1 sai 260. Waɗannan ukun dangi ne, suna haɗuwa, kuma dukansu suna shan danshi daga iska. In ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari a ciki, DOT 3 yana iya tafasa a 140, DOT 4 a 155. Mai da ya tafasa tururi ne, tururi kuma yana matsuwa, sai hannu ya tafi har ƙarshe babu gargaɗi. Mu a nan ba mu da dogayen gangare masu dafa birki, amma kalifa da ke goga faifai ba a taɓa ta ba, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a inuwa, ga kaya ga fasinja, tana iya kai mai mai ruwa ga tafasa. Saboda haka ka sayi ƙaramin gwangwani mai hatimi. Wanda ake tsiyayowa daga buɗaɗɗiyar kwalba a bakin hanya, wadda ta ga damina ta ga wankin babura, bar shi. DOT 5 marar ɗigo-ɗaya kuwa wani abu ne daban, na silikon ne, galibi launin shunayya, tsofaffin baburan Harley-Davidson ne suka yi amfani da shi. Ba ya haɗuwa da sauran. Mafi muni shi ne wanda ya rasa man birki ya ɗiga man inji ko jan man giya na mota. In hakan ta taɓa faruwa da layinka, duk wata roba da ke ciki ta tashi aiki, har tiyo. Man birki kuma yana cin fenti, in ya zuba a tanki ka wanke da ruwa nan take. Kowace shekara biyu a zubar a sa sabo.

Tiyon kansa, kama shi a tafin hannu wani ya matsa birki. In ka ji yana numfashi, yana kumbura yana saɓewa, ya gaji ko kuma dama ba na birki ba ne. Yamaha a littattafanta tana cewa a canza tiyon roba duk shekara huɗu, kuma rana irin tamu ba ta ƙara masa kwana. Tsawo yana ƙara kumburi, don haka a dogon kai irin naka mai rigar ƙarfe da tefalon a ciki ya fi. Kowane zobe yana son washa biyu sababbi na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ka juya kai dama da hagu har ƙarshe, ka ɗaga tayar gaba shoka ta miƙe, ka tabbatar tiyo bai ɗame ba.

Na yi alkawarin komawa kan ramin tukunya. In ka canza hannun birkin da irin masu launi na ado, duba ko ɗan hancinsa yana danne fistan ɗin famfo tun kafin ka taɓa shi. In yana dannewa, fistan ya rufe ramin, man ba ya iya komawa tukunya. Iska ba za ta fita ba, kuma a hanya in mai ya yi zafi ya buɗe, ba shi da wurin zuwa sai kalifa. Birki ya riƙa kama kansa, zafi ya ƙaru, har tayar gaba ta kulle kana cikin gudu. Dole a samu ɗan wasa kaɗan kafin hannu ya fara tura fistan. Alamar lafiya ita ce, murfi a buɗe, in ka ɗan taɓa hannu ka ga man ya motsa a tukunya.

In birki yana da tauri a tsaye amma da ka yi tafiya kaɗan matsawar farko ta tafi a banza, ba iska ba ce. Faifai ne ya karkace ko boris ɗin taya ya yi wasa, faifan yana kaɗa fistan yana mayar da su ciki. Ɗaga taya ka girgiza ta gefe da gefe, ka juya ta kana kallon faifan kusa da wani abu tsayayye. Karkatar da kamfanoni ke yarda da ita ba ta wuce milimita 0.1 zuwa 0.3, gwargwadon babur, wato in ido ya gan ta ta riga ta yi yawa. A babur ɗin haɗi, sau da yawa faifan lafiya yake, mazauninsa a jikin taya ne ba a daidaita ba. Mafi ƙarancin kaurin faifai kuma a rubuce yake a jikinsa.

Yadda ka kwatanta, ni na fi ganin abu biyu ne suka haɗu maka: kumfa a notin sama saboda kan da ka ɗaga, da famfo 11 a kan kalifar da ta fi ƙarfinsa. Karkata famfon ka fitar da kumfan yau, ka duba lambar jikinsa, ka auna fistan, sannan ka san abin da za ka nema a kasuwar Dole ko ka aika a sayo maka daga Kano. In an gama, fara gwadawa kana tura babur da ƙafa a tsakar gida. Daga nan ka fita kwalta marar yashi da sassafe, hanyar Mirriya ta isa, amma ban da ranar Lahadi da ake cin kasuwarta. Hular kwano a ka, babu fasinja. Daga gudun 30 ka riƙa tsayawa a hankali, sannan 50, sau goma ko ashirin, kana barin tazara birki ya huce, don falaket su kwanta a kan tsohon faifan, domin sabon falaket a kan faifai mai zane-zane shi ma yana ba da laushi har sai ya zauna. Ka sauka ka kai bayan hannu kusa da faifan ba tare da ka taɓa ba. In ka yi tafiyar kilomita ɗaya ba ka taɓa birkin gaba ba amma yana huci, yana goga, ka koma kan ramin tukunya da fistan masu barci kafin ka sake hawa.